Jitar bes mai ƙugi: nazarin wani gyara da aka yi a Sakkwato

Jitar da ake magana a kanta bes ce mai tsirkiya 4, kwaikwayon ƙirar Fender, irin wadda masana'antun Asiya ke yi da araha. Ta hannu ce, an sayo ta a Birnin Ƙonni aka shigo da ita ta Illela, kuma jikinta ya nuna ta bi hannaye da dama. Mai ita saurayi ne ɗan Mabera da ke kaɗa wa wata ƙaramar ƙungiyar wasan biki: mai fiyano, makaɗan kalangu biyu, mai jita, mawaƙi, sai shi. Irin wannan ƙungiya ba ta da yawa a garin nan. Masu biki sun fi ɗaukar DJ, ko mai fiyano shi kaɗai ya fitar da ganga da bes daga cikin na'urarsa. Saboda haka mai kaɗa bes da hannu kullum a kan gwaji yake. Ranar da aka daina jin amfaninsa, za a ce a rage mutum ɗaya a rabon kuɗi.

Da wannan fargaba ya kawo jitar shagon da nake gyaran amfilifaya da miksa, a tsakiyar hunturu.

"Baba, wagga jita ta gaji," in ji shi. "In munka tada inji sai ƙugi. In nib buɗe fikof ɗinta duka biyun sai murya ta sirance. Bidiyon da anka ɗauka wurin biki kuwa, ko kaɗan ba a jiya ta. Fikof na nika son a canza."

Har ya riga ya zaɓi wanda yake so. Ya ga Quarter Pound na kamfanin Seymour Duncan a YouTube, ya tambayi farashi wurin wani ɗan kasuwa a Alaba ta Legas, kuma kuɗinsa haɗe da na aikowa ya kusa kamo abin da ya biya ya sayi jitar. Niyyarsa ya ci bashi. Na ce masa ya bar mini ita in auna tukuna, don sau da yawa mutum kan sayi sabon guga alhali igiya ce ta tsinke.

Abin da ke ƙarƙashin tsirkiya

Fikof ba wani abu ne mai rikitarwa ba. Maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe zagaye dubbai, wayar da kaurinta bai wuce milimita 0.06 da ɗan kai ba. In tsirkiyar ƙarfe ta kaɗa a samansa, sai ta motsa ƙarfin maganaɗisun, koyil ɗin ya haifar da 'yar wutar da amfilifaya ke kumburawa. Babu abin da ke juyawa a ciki, babu abin da ke gogewa. Shi ya sa da wuya fikof ya gaji a hankali. In zai mutu, galibi wayar ce ke tsinkewa ko tsatsa ta ci ta, kuma mita tana faɗa nan take.

Matsalar koyil ita ce ba ya tantance abin da yake ɗauka. Yadda yake jin tsirkiya haka yake jin taransifoma da janareta da wayar lantarkin da ke kusa. Leo Fender ya fitar da Precision Bass a 1951 da koyil guda, sai a 1957 aka raba shi gida biyu: rabi a ƙarƙashin tsirkiyar E da A, rabi a ƙarƙashin D da G, an naɗa su saɓanin juna, fuskokin maganaɗisunsu ma saɓanin juna. Da wannan dabara sautin tsirkiya ke wucewa, ƙugin lantarki kuwa rabi ya kashe na rabi. Jazz Bass da ya fito a 1960 fikof biyu ne dogaye masu koyil ɗai-ɗai. In an buɗe su daidai wa daida suna kashe wa juna ƙugi, in an bar ɗaya shi kaɗai sai ya yi ta yi.

Jitar yaron nan ta haɗa gidajen biyu, abin da ake kira PJ: rababben fikof na Precision a tsakiya, dogo guda na Jazz kusa da gadar tsirkiya. Duk wanda zai taɓa irin wannan jita ya riƙe abu guda: na gadar ba shi da abokin da zai kashe masa ƙugi. Haka aka ƙera ta, ba lalacewa ba ce.

Awo

Na fara da mita. Na tsakiya ya ba da wajen kilo-om 11, na gada wajen 8, duka a cikin abin da aka saba gani ga irinsu. Ga masu gyara na nan gida akwai abin lura: jan ƙarfe yana ƙara turjiya da kusan kashi 0.4 cikin 100 a kowane digiri na zafi, kamfanoni kuma a ɗaki mai sanyi suke awonsu. Wanda ya auna fikof a watan Afrilu a Sakkwato, lokacin da zafi ke haura digiri 40, zai ga lambar ta ɗara ta takarda da kusan kashi 8 cikin 100. Kada ya ce ya gano ciwo. Abin da mita ta tabbatar dai shi ne babu koyil ɗin da ya tsinke.

Daga nan na jona ta da amfilifaya. Ƙara iri biyu ce ke fita, kuma rarrabe su shi ne rabin aikin. Akwai ƙugi mai kauri da ke tashi in an buɗe fikof na gada, ya ragu ko ya ƙaru in mutum ya juya da jitar. Akwai kuma wani zizar mai kaifi da ke nan ko wanne aka buɗe. Na ɗora hannu a kan tsirkiya, zizar bai motsa ba. Na taɓa ƙarfen bakin kebul, sai ya yi tsit. Wannan alama ce da ba ta ƙarya: wayar ƙasa, wato ta earth, da ya kamata ta haɗa gada da sauran kayan ciki ba ta aiki. Da na kwance gadar, ga wayar nan ta nutse cikin fenti da katako, bakinta ya yi kore, ba ta ko shafar ƙarfen.

Ƙugin mai kauri yana da wata illa da masu bes na ƙasar nan ya kamata su sani. Lantarkin Nijeriya yana bugawa sau 50 a daƙiƙa. Tsirkiyar E a sake tana kan 41.2, A tana kan 55, sautin G da ake dannawa a firet na 3 na tsirkiyar E (firet su ne ƙarafan da aka gicciya a wuyan jita) kuwa yana kan 49. Wato ƙugin yana zaune ne a tsakiyar gonar bes, dab da G. In an kaɗa G ɗin, su biyun sai su riƙa karo, a ji sautin yana kumbura yana sacewa. Ƙaramin janareta kuma sai ya yi juyi 3,000 a minti kafin ya ba da 50 ɗin, da an ɗora masa kaya ya sauka, an rage ya hau. Yaron ya ce akwai waƙoƙin da yake jin kamar jitar ba ta saitu ba ko ya saita ta. Ga dalilin.

Sirancewar murya ita ta fi ba ni sha'awa. Kowane fikof shi kaɗai yana da jiki, amma da an buɗe su tare sai kaurin ya zube, a bar wani sauti na hanci. Lafiyayyar PJ takan ɗan rage tsakiya in an haɗa biyun, amma ba ta zubar da ƙasa haka. Na ɗauko tsohuwar mita mai allura, na sa ta a ma'auni mafi ƙanƙanta, na ɗora sukundireba a kan maganaɗisun na tsakiya na fizge. Allura ta yi dama. Na yi haka a na gada, ta yi hagu. Da na buɗe murfin, sai ga aikin wani mai gyara na baya: ya like wayoyin na gada a juye, da dunƙulen dalma baƙi ƙirin. Duk lokacin da ɗaya ya tura, ɗayan janyewa yake, kuma ƙananan sautuka, da su ne suka fi kama da juna a wuraren biyu, su ke fara mutuwa. Da ya sayi fikof mai tsada aka ɗora a tsakiya aka bar wancan a juye, da sirancewar tana nan, bashi kuma yana wuyansa.

Sauran abubuwan ido ma yana gani. Soson da ke tokare fikof daga ƙasa ya ruɓe saboda zafi ya zama gari, rabin da ke ƙarƙashin E da A ya nutse har tazararsa da tsirkiya ta kai kusan milimita 6. Tsirkiyoyin sun yi baƙi, gumi da ƙura sun cike tsakanin naɗinsu. Mamurɗan uku duk suna ƙarƙar. Wuyan ya lanƙwasa gaba: na danne firet na farko da na ƙarshe, katin ATM mai kaurin milimita 0.76 ya shige ƙarƙashin tsirkiya a firet na 8 ba tare da ya taɓa ta ba, alhali abin da Fender ke ba da shawara wajen 0.3 ne zuwa 0.35. Bakunan firet kuma sun ɗan fito gefe suna kartar hannu, don katako ya tsuke da bushewar hunturu, ƙarfe kuwa bai tsuke ba.

Gyaran

Tsari yana da muhimmanci a nan, domin tsayin fikof daga tsirkiya ake auna shi, tsirkiya kuma wuya da gada ke riƙe da ita. Wanda ya fara da fikof zai sake aikin.

Sabbin tsirkiyoyi aka fara sawa, masu lambar kauri 45 zuwa 105, kuma su ne kaɗai abin da ya ci kuɗin kirki a duk aikin. Wasu kan tafasa tsofaffin a ruwa, kuma gaskiya suna ɗan farfaɗowa, amma na ɗan lokaci ne. Sai ƙarfen cikin wuya mai saita lanƙwasarsa: na sassauta tsirkiya, na ɗaure shi da alanki rubu'in juyi, na bar katako ya zauna kafin in ƙara, ina aunawa da filagejin da makanikai ke saita bawul. Wannan wuri ba a yi masa gaggawa, in ƙarfen ya karye wuyan ya tashi aiki. Bayan nan na sauke tsirkiya a gada zuwa wajen milimita 2.4 a firet na 17 ta gefen E, na goge bakunan firet da ƙaramin zarto.

A ciki, na mayar da wayoyin na gada yadda ya kamata, na kankare wayar ƙasa har ta yi ja, na baza bakinta a ƙarƙashin gada. Mamurɗan na kilo-om 250 ne, daidai da irin wannan jita, feshin wanke kwantak kawai suka buƙata. Ramin kayan wuta babu wata kariya a cikinsa, katako ne tsirara. Tef na jan ƙarfe ya fi dacewa, amma ba ya samuwa da sauƙi a nan, sai na shimfiɗa takardar alminiyam ta naɗe abinci da gam, har da bayan murfin. Alminiyam ba ya karɓar dalma, don haka da ƙaramin sukuru na ɗaure wayar ƙasa a jikinsa, na bi da mita lungu-lungu na tabbatar ko'ina a haɗe yake, na kuma lura kada ya shafi ƙafar mamurɗi ya kashe sauti. Wannan kariya zizar take kamawa. Ƙugin da ke shiga koyil ta hanyar maganaɗisu ba ta iya tare shi, kuma na gaya wa yaron haka tun kafin ya sa rai.

Madadin ruɓaɓɓen soso, sabon silifas mai taushi na yanka daidai ramin. Yana da tauri da zai tokare, yana kuma jure zafi. Sannan aka zo saitin tsayi, inda nake ganin masu bes suka fi yin asara ba su sani ba. Ana danne tsirkiya a firet na ƙarshe a auna daga saman maganaɗisu zuwa cikin tsirkiya. Ma'aunin Fender wajen milimita 2.8 ne ta gefen E, 2 ta gefen G. Daga nan kunne ke karɓar aiki. Na sa shi ya riƙa kaɗa tsirkiya ɗaya bayan ɗaya da ƙarfin da ya saba, ni kuma ina juya sukuru rabi-rabi, har ƙarar huɗun ta daidaita. Da ya ji yadda E ta cika, sai ya ce, "Baba, ƙara ɗaga shi." Na ɗaga don ya ji da kunnensa. Maganaɗisu ya fara jan tsirkiyar, sautin ya riƙa rawa yana saurin mutuwa, in ya buga da ƙarfi kuma ta daki fikof ta yi ƙwas. Shi da kansa ya ce a mayar.

Batun bidiyo

Ƙorafinsa na uku ba a cikin jitar kaɗai yake ba. Da ya ga ba a jin sa, abin da ya yi shi ne ya murɗe mamurɗin ton har ƙasa, ya cika na bes a amfilifaya, a zatonsa kauri ne ya yi kaɗan. Wannan ya ƙara binne shi. Lasifikar waya ba ta iya fitar da 41 ko 55, ko kusa. Ita kanta lasifikarsa mai inci 12, a fili ƙarƙashin rumfa inda babu bangon da zai maido da sauti, da ƙyar take taɓa wurin. Abin da ke sa a ji bes a waya shi ne 'ya'yan sautin da ke hawa a samansa, ninki biyu, ninki uku, har zuwa wajen 700 da 800 inda ake jin cizon yatsa a kan tsirkiya. Kunne in ya samu waɗannan, shi ke cike na ƙasan da kansa. Matattun tsirkiyoyi sun riga sun cinye su, shi kuma ya zo ya rufe ragowar.

Mamurɗin ton ba ya ƙara komai, ragewa kawai yake: yana zubar da sautukan sama zuwa ƙasa ta cikin kafasito. Wanda na tarar an rubuta masa 104, wato 0.1 na maikurofarad, kuma babba irin wannan yana yankowa har cikin tsakiya. Na sa mai lamba 473, wato 0.047, wanda in an rufe yakan rage kaifi ya bar jikin sautin. Irin na cikin tsohuwar rediyo ne, kowane mai gyara yana da shi a gwangwani. Masu sayar da kafasito mai tsada da sunan sautin zamanin da, ban ga abin da suke sayarwa ba ban da suna. Lambar ce ke aiki. Kebul ɗinsa ma mita 10 ne, kuma kowace mita tana ƙara wajen fikofarad 100 da ke shanye kaifin jitar da ba ta da batir. Na ce ya koma mai mita 3 zuwa 5, in miksa ta yi nisa a bi ta akwatin DI, wanda ke kai sautin jita nesa ba tare da ya dushe ba.

A amfilifaya muka mayar da bes tsakiya, muka ɗaga na tsakiyar sauti kaɗan, ton na jita a buɗe kusan duka. Shi kaɗai a shago sautin ya yi masa tsirara, bai so ba. Na ce ya yi haƙuri sai an haɗu da kalangu da fiyano. Na kuma roƙe shi ya yi magana da mai fiyano cikin ladabi ya sassauta hannun hagu, don mutum biyu ba sa zama a kan sauti ɗaya a ji su duka.

Abin da aka samu da abin da ya rage

Bayan bikin da suka yi a Arkilla ya turo mini bidiyon da wata daga cikin 'yan biki ta ɗauka da waya. Ana jin bes ɗin sarai, yana tafiya a ƙarƙashin kalangu, kowane sauti da bakinsa. Zizar ya tafi. In na tsakiya ne kaɗai a buɗe, jitar shiru take ko da inji yana aiki. In an buɗe biyun, murya a cike take.

Ƙugin na gada yana nan, ya ragu amma bai mutu ba, kuma yakan tashi in an tsaya kusa da janareta ko taransifomar amfilifaya. A yanzu yana barin sa a rufe a wurin da wuta ba ta da kyau. In ya tara kuɗi, wannan ne kaɗai canjin da na ga ya cancanta: dogon fikof na gada mai koyil biyu a ciki, wanda ke kashe ƙugin kansa. Na gargaɗe shi ya auna ramin da rula kafin ya aika kuɗi, don a Jazz Bass fikof na gada ya fi na kusa da wuya tsawo da 'yan milimita, jitocin kwaikwayo kuma ba kullum suke bin ma'aunin Fender ba. Masu batir irin na EMG shiru gare su ƙwarai, amma sai an sauya mamurɗai da bakin kebul, an nemi wurin batir mai bolt 9, kuma wanda ya manta kebul a jiki batir zai ƙare masa. Ga mai irin aljihunsa ban ba shi shawarar su ba. Wuyan kuma sai an sake dubawa in damina ta sauka, domin katakon da ya tsuke a hunturu zai sha danshi ya motsa.

Akwai abu guda da ya fi duk waɗannan damuna. Yanzu da wayar gada ke aiki, hannunsa a haɗe yake da jikin amfilifaya duk lokacin da ya taɓa tsirkiya. Haka kowace jita irin wannan take, kuma babu haɗari muddin wayar ƙasa ta kayan wutar lafiya take. To, da ya kawo amfilifayar na ga an karye ƙafa ta uku ta fulogin don ya shiga soket mai rami biyu. In wani abu ya lalace a ciki wuta mai bolt 230 ta hau jikin ƙarfen, ba ta da hanyar wucewa sai ta jikin mai kaɗawa, musamman in leɓensa ya taɓa makirufo. Na sauya fulogin, amma wannan bai isa ba in wayar da suke ja daga inji mai jijiya biyu ce.

Na je na sami maigidan ƙungiyar, dattijo ne da ya girme ni. Na ce, "Yaya, yaran ga amana na a hannunka." Na lissafa masa abin da ake buƙata: waya mai jijiya uku tun daga inji har soket, a haɗa jikin inji da ita, a kafa sandar ƙarfe a ƙasa a jiƙa wurin da ruwa saboda busasshen yashinmu ba ya ɗaukar wuta sosai, a kuma sa birekar da ke yanke wuta in yoyo ya kai miliamfiya 30, wadda mai aikin lantarki zai haɗa ya gwada ta a kan injin nasu. Ya saurara, ya ce wayar da sandar za a saya a wannan watan, birekar kuwa sai bayan bukukuwan Sallah in kuɗi sun shigo. Kafin nan na sa yaron ya riƙa yawo da abin gwajin wuta a jakar jitarsa, ya taɓa tsirkiya da makirufo da shi kafin a fara wasa, ya kuma daina kaɗawa ba takalmi.